Kunnen Inna na Hagu

Abin da na fara gani da muka tsaya a ƙofar shagon shi ne murfin kwalbar lemo yana rawa shi kaɗai a kan but ɗin wata jar mota. Ba wanda ya taɓa shi. Kiɗan da ke fitowa daga cikin but ɗin ne yake ɗaga shi yana sauke shi, yana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa baki, samari sun kewaye motar sun zuba masa ido. Da ya faɗo ƙasa sai mai motar ya yi dariya ya miƙa wa mai shagon hannu. Daga baya na gane haka ake ciniki a wurin. A ɗora murfi, a ƙure kiɗa, in ya faɗo kaya sun yi kyau.

Shagon yana bakin titi a Gidan Igwai, tsakanin mai faci da wata mai tuyar awara. Baffa ne ya kawo ni, ƙanen mahaifina, autan gidansu. Ko da yake ba zan ce ya kawo ni ba. Ya ɗauko ni daga makaranta ranar wata Alhamis cikin bazara, ya tsaya a ƙofar gidanmu a Gawon Nama ya ce in sauka, zai kai mota a sa mata sifika. Ban buɗe ƙofa ba. Ya dube ni, na dubi takalmina. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji malamai sun gaji da cewa in ɗaga murya, amma na iya zama. Da ya ga zaman ba mai ƙarewa ba ne sai ya yi tsaki ya tada mota.

Motar ta Baba ce, tsohuwa mai ruwan toka. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kalaba ya bar ta a hannun Baffa da sharaɗi guda: duk Asabar ya kai Inna Kwalkwalawa ta ga gonarta ta fadama, ta gaisa da ƙanwarta. Inna kakata ce, mahaifiyarsu, kowa haka yake kiranta har mu jikoki. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini, kuma ni ce 'yar rakiyarta. Tana zama gaba kusa da Baffa, ni ina bayanta riƙe da jakar goro.

Baba ɗan farinta ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya zo hutun salla ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana tsintar shinkafa. In ya kira aka miƙa mata waya, "Lahiya lau," kawai za ta ce ta ture ta. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "mutanen kudu," kamar wasu baƙi ne da yawa. Wata ƙawata da na ba labari ta ce ai wannan ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, haka ita ma uwarta ta yi wa nata.

Baba ya san halin uwarsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya turo saƙon murya mai tsawo a wayar Baffa. Da sunan Baffa yake farawa, amma abin da ke ciki ba wanda Baffa zai yi amfani da shi: abin da ya ci, ruwan saman da ba ya ɗaukewa, gwiwarsa da ke damunsa in ya hau bene, wata fura da ya saya ya ji ta kamar an dama alli. Baffa ba ya buɗe saƙon sai Asabar, mun bar cunkoson gari. Sai ya haɗa wayar da rediyon mota ya ce, kamar da kansa yake magana, "Bari in ji mi Yaya yac ce." Inna ta juya fuska ga taga.

Ni daga baya hannunta nake kallo. Da muryar Baba ta fito carbin da take ja yake tsayawa, ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta har a gama. In ya zo addu'ar da yake rufewa da ita, a madubin gefe nake ganin leɓenta yana motsi ƙarƙashin mayafi. Ba wanda ya taɓa cewa don ita ake kunnawa. A gida ba za ta zauna ta saurara ba a gaban surukarta. A mota kuwa ba laifinta ba ne, tafiya ce ta haɗa ta da maganar.

Sai sifikun motar suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙofar direba ce ta fara yin shiru. Na baya suka koma zuzu kamar ƙuda cikin gwangwani. Ta ƙofar Inna kaɗai ta rage da sauran rai, kuma tana da ƙarfinta, don ni ina jin komai. Amma na lura carbin ya daina tsayawa.

Wata Asabar Baba ya ce zazzaɓi ya kayar da shi, har an kwantar da shi asibiti an yi masa ƙarin ruwa, amma ya samu sauƙi, kada hankalin kowa ya tashi. Na dubi madubi. Inna tana kallon gonakin albasa, ta ce bana mutane sun yi saurin cirewa. Na ɗauka dauriya ce. Bayan 'yan kwanaki Mama tana ba wata maƙwabciya labarin a tsakar gida, Inna tana fitowa da ƙwarya a hannu. Ta ajiye ƙwaryar a inda ba a ajiye ƙwarya, bakin makwarara, ta koma ɗaki. Da yamma ta kira ni in sa mata zare a allura. Na sa, ta karɓa, ba ta ɗinka komai ba.

"Takwara, mutanen kudu duk lahiya suke?"

Na faɗa mata yadda na ji.

"Yaushe anka hwaɗi haka?"

"Ranar Asabar, Inna. Cikin mota."

Ta daɗe tana juya allurar. "Motar ga ta cika ƙugi," ta ce. Ta ba ni ɓarin goro, ko da yake ta san ba na ci.

Daga ranar na fara sa ido. In baƙi suka zo, can ƙarshen tabarma take zama ta yadda kowa zai kasance a hagunta. Ƙaramin rediyonta ma hagun matashi take ajiye shi. Na gwada tsayawa a damanta na ce ga ruwa, ba ta motsa ba. Na zagaya hagu na faɗa da muryar da ba ta kai waccan ba, ta miƙo hannu. Da na gaya wa Mama sai ta kama bakina da yatsa biyu. Ta ce kul, Inna da ke cewa tana jin tafiyar tururuwa, wa zai ce mata kunne ya tafi? Ita dai suruka ce, ba da bakinta ba.

Wannan ne ya sa na ƙi sauka daga mota ranar Alhamis ɗin. Ban san komai game da sifika ba. Na dai san ba zan yarda a yi wata Asabar irin waccan ba.

Mai shagon wani dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe a Sakkwato, da ɗan gicciye na katako rataye a wuyansa da sukundireba soke a aljihun riga. Oga kowa yake ce masa. Da alama sun saba da Baffa, don tun daga nesa ya fara tsokanarsa.

"Ango ba amarya. Yau ka kawo gawan nan a tashe ta?"

"Tashe ta za ka yi, Oga. So nike in na kunna nan, a ji ni Gawon Nama."

"Wannan ƙaramin aiki ne. Kuɗinka ne zai yi magana."

Ya shiga ciki ya jawo wani akwati lulluɓe da baƙin kafet, a tsakiyarsa sifika mai faɗin faifai. Wufa ya ce sunanta, ita ce mai girgiza murfi. Ya fito da amfilifaya, ƙarfe mai nauyi kamar farantin tuwo, ya ce ita ke ba sifika ƙarfi, rediyon mota shi kaɗai ba zai iya ciyar da wannan ƙatuwar ba. Suka kinkima akwatin suka sa a but, ya cinye wurin kaf. Oga ya ja wayoyi na wucin gadi ta taga, ja da baƙi, ya ɗaura a batir. Ni na zagaya na zauna a kujerar Inna. Ba wanda ya kula.

Aka ɗora murfin kwalba, aka sa kiɗa. Na ji shi a ƙirjina kafin in ji a kunne. Madubin tsakiya ya yi ta karkarwa har fuskata ta zama biyu a ciki. Murfin bai jima ba ya faɗo. Samarin da suka rage daga kallon jar motar suka dawo kanmu, wani ya ce ai wannan ko gidan biki sai haka. Baffa yana murmushi har kunne.

Na shirya maganata tun a hanya. Na jira Baffa ya leƙo ta taga.

"Baffa, a sa maganar Baba."

"Mi?"

"Maganar Baba. A gwada da ita."

Ya yi dariya ya ce wa Oga ɗiyar Yaya ce, kewar ubanta take. Ya nemo saƙon makon jiya ya kunna. Muryar Baba ta fito da kauri, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Sallamar na gane don na san ita ce farko.

"Kin ji?" in ji Baffa. "Yaya ya koma gwamna."

Na sa hannu cikin hijabi na toshe kunnena na dama da yatsa, na juya fuska ga taga yadda Inna take yi. Abin da ya rage ƙugi ne daga baya, kalmomin sun narke cikin juna. Na san yana maganar gwiwa, amma da ban sani ba da ba zan gane ba.

"Ban ji ba," na ce.

Oga ya miƙo hannu ya ƙara murya. Nan take duk layin ya ji cewa Baba ya shafa man zafi bai yi masa aiki ba, kuma wandonsa na aiki ya fara yi masa yawa. Mai awara ta juyo da matsami a hannu. Baffa ya yi wuf ya kashe.

"Ke wai mi kinka sani ga sifika?" Gumi yana bin gefen hularsa. "Sauko ki zauna benci, a bar masu aiki su yi aiki."

Ban sauka ba. Kunya ta rufe ni har ina jin zafin fuskata, samarin nan suna kallona, amma na riƙe bakin kujera da hannu biyu. Allah ya taimake ni aka kira sallar la'asar. A layin nan da an fara kiran salla kowane shago yake kashe kiɗa, har Oga, shi ma ya zare wayarsa daga batir. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar mai a kaskon awara. Baffa ya ɗauki buta ya bi samarin, ya ce in ya dawo ya same ni a kujerar nan zan gane kurena.

Oga ya kawo mini ruwan leda mai sanyi. Ya jingina da ƙofar yana goge hannu da tsumma.

"Malama 'yar makaranta, me kayana suka yi miki?"

Ya fi sauƙi in yi magana da wanda ba ya kallona, shi kuwa yana kallon titi. Na tambaye shi ko akwai sifikar da aka yi don magana kawai, ba don kiɗa ba.

Ya ce ba a yi wata don magana kawai ba, amma kowace da abin da ta fi iyawa. Babbar ganga take so. Maganar mutum kuwa, wurin da harshe ke taɓa haƙori, a ƙananan take zama. Ya shiga ya ɗauko wata da ba ta wuce tafin hannunsa ba, ya haɗa ta da wani rediyo da ke kan teburinsa, ya rage murya saboda masu salla, ya kawo ta kusa da ni. Wata mata ce take karanta sanarwa. Na ji har inda ta tsaya ta ja numfashi.

"Ana iya sa ta nan?" Na nuna tsakiyar gaban motar, saman rediyo.

Ya yi dariya. "Sifika a ƙofa take zama, ɗaya dama ɗaya hagu. Wa ya taɓa dasa ta a goshin mota?"

Da Baffa ya dawo ya shigo ya zauna a mazauninsa ya rufe ƙofa, na ga ya huce. Ya ce to, in faɗa masa abin da ke tafe da ni, don shi bai taɓa ganin na yi taurin kai haka ba. Na ɗaga gilashin ɓangarena duk da zafin da ake yi. Na dubi takalmina.

"Inna ba ta ji da kunnen dama."

"Wace Inna? Inna da ko cingam nika tauna sai ta ce in bari? Ko ƙus na yi cikin motar ga sai ta amsa."

"Kai kana hagunta, Baffa."

Ya dubi sitiyari, ya dubi kujerar da nake kai, ya dubi sifikar ƙofar da ke daidai ƙafata ta dama. Na ba shi labarin carbin, da ranar zazzaɓin, da ƙwaryar da aka ajiye bakin makwarara. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da wani babba ba. Amma na kai ƙarshe.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Na ga ta bar tsayawa da carbin," ya ce a hankali. "Ce miki anka yi ban gani? Na zaci ƙarar ce ta yi kaɗan. To don wa kike zaton nika son abin ga ya yi ƙara?"

Ban san ya lura ba. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ni kaɗai nake kallon hannunta.

"To, har da don rakiyar amare," ya ƙara, "kada in yi ƙarya bayan na hito salla."

Na sauka na ce ya zauna a wurin. Ya zagayo ya zauna a kujerar uwarsa, ya toshe kunnen dama, ya juya ga taga. Oga ya mai da waya kan batir, aka kunna saƙon da murya ƙasa-ƙasa. Baffa bai bari ya yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Oga, a hidda akwatin ga."

"Ba ka ga murfi ya faɗi ba?"

"Na gani. Wata fasinja gare ni, magana taka son ji, kuma ta nan ɓangaren." Ya taɓa kunnensa na hagu.

"Fasinja ko budurwa?"

"Ta girme ka, Oga."

Oga ya dube shi, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce in ana so za a iya haɗa duka biyun, a riƙa kashe wufar in za a ji magana. Na ga ran Baffa ya biya. Sai ya dubi but ɗin ya tambayi ina za a sa buhun albasa da damin rake in an taso daga fadama. Inna ba za ta yarda a ɗora mata amfanin gona a cinya ba don wani akwati mai kafet. Suka kinkimo shi suka mayar ciki. Baffa ya bi shi da ido kamar wanda aka mayar da ragonsa kasuwa ranar jajibiri. "Sai wani jiƙon," ya ce.

Aka zaɓi sababbin sifiku matsakaita na ƙofofi, da ƙaramar amfilifaya da za ta ɓuya ƙarƙashin kujerar direba. Nan ba a yi gardama ba. Gardamar a kan 'yar ƙaramar ce. Oga ya ce shi ba zai huda gaban mota ya dasa sifika a fili ba, duk wanda ya shiga zai tambayi wane makaho ne ya yi aikin, a ce shi ne. Baffa ma ya ce ba zai yiwu a fili ba, amma nasa dalilin daban. In Inna ta ga an kafa wani abu yana kallonta za ta gane, in kuwa ta gane an san tana saurare, daga ranar kujerar baya za ta koma, ko ta ce ta bar zuwa gonar. Suka tsaya kowa ya riƙe ƙugu.

Ni kuwa tun ɗazu ina kallon ramukan iska biyu da ke tsakiya, saman rediyo. Na'urar sanyin motar ta mutu tun Baba yana nan. A ramin hagu Baffa yake soke asuwakinsa, na daman kuwa ba komai sai ƙura da wata tsohuwar takardar alewa. Na miƙa yatsa na nuna na daman.

Oga ya sunkuyo. Ya auna bakin ramin da yatsunsa, ya auna sifikar. Ya zaro sukundireba ya ɓamɓare murfin ramin a hankali, ya leƙa da fitilar waya.

"Za ta shiga in na yanke bututun baya. Amma iska ba zai ƙara fitowa ta nan ba."

"Iskar da ta mutu tun ina sakandare," in ji Baffa. "Yanke."

Aikin ya ɗauki lokaci. Na koma kujerar Inna, yatsa a kunne, duk sanda aka kunna sai su dube ni. Da farko muryar Baba ta fito sarai, amma da aka tada inji sai wani siririn kuka ya biyo ta, yana hawa in an taka mai. Oga ya yi ƙunƙuni da yarensu, ya kwanta a ƙasan motar ya canza wa wata baƙar waya wurin ɗauri, ya kankare fenti da wuƙa kafin ya ɗaure. Kukan ya tafi. Sai na ce maganar kamar ta fi zuwa wajen direba. Ya sake cirowa, ya yanko guntun tsohon silifas ya cusa a bayanta ta ɗan karkato. Na ce ta yi yawa, tana soka kunne. Ya rage wani abu a jikin amfilifayar da bakin sukundireba.

"Yarinyan nan ta fi injiniyan gwamnati wahalarwa," ya ce wa Baffa.

"Halin takwararta ne. Ba su magana, ba su kuma sauka."

Hannuna ya yi tsami, kunnen da na toshe ya yi zafi. A gwajin ƙarshe na juya ga taga na rufe ido. Baba ya ce furar kamar an dama alli, na ji dariyar da ya danne a ƙarshen kalmar, wadda ban ji ba ranar da aka fara kunna saƙon. Na cire yatsa na gyaɗa kai.

Oga ya mai da murfin ramin. Ba wanda zai ce akwai wani abu a ciki. Saboda sabo ya ɗauki murfin kwalba ya ɗora a kan but, ya sa kiɗa. Murfin ya zauna daram kamar an liƙa shi. Ɗaya daga cikin samarin ya ce an cuci Baffa. Baffa ya ɗauke murfin ya jefa masa ya ce ya kai wa jar mota.

A hanyar gida ya ce kada in gaya wa kowa, ko Mama. Na ce to. Ya saya mini awara, ya ci fiye da rabi.

Ranar Asabar Inna ta fito da farin mayafinta, ta yi bisimilla ta shiga. Ta ɗan shinshina.

"An taɓa motar ga."

"Wanki anka yi mata, Inna."

"Wanki da warin ƙonannar waya?"

Baffa ya ce ai masu wankin yanzu sai a hankali. Ta dubi gaban motar sama da ƙasa, idonta ya wuce ta kan ramin iska bai tsaya ba.

Muka bar gari. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, masu kabu-kabu ɗauke da ɗaliban jami'a suna ta wuce mu. Da fadama ta fara bayyana, kore shar a gefen hanya, Baffa ya laluba aljihu. Sai da ya yi ta dannawa kafin wayar ta haɗu.

"Bari in ji mi Yaya yac ce."

Inna ta juya ga taga. Baba ya yi sallama, kamar yana zaune a tsakaninsu, har da ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakinsa. Na zuba wa hannunta ido. Ƙwaya ɗaya ta wuce, ta biyu ta zo tsakanin yatsunta ta tsaya.

Ya ce jiki ya yi ƙarfi, ya koma cin tuwo. Ya ce ya samu wani Basakkwace mai sai da nama a kusa da wurin aikinsu, sun yi hira har ya ji kamar yana gida. Ya ce ya nemi hutu, kuma sun ce masa... Daidai nan wata tifa ɗauke da yashi ta taso daga bayanmu ta danna oda, ta daɗe tana gogayya da mu kafin ta wuce. Ko da ƙararta ta lafa Baba ya kai ga addu'a.

Ni na ji abin da ya ce game da hutun, Baffa ma ya ji. A madubi na ga kan Inna ya ɗan karkato wajen tsakiyar motar, kaɗan ƙwarai, ya tsaya a haka bayan saƙon ya ƙare. Sannan ta mai da fuska ga gonaki. Carbin bai ci gaba ba. Na san za mu je Kwalkwalawa mu dawo, a yi mako guda, ba za ta tambaya ba. Baffa ya miƙa hannu zai zare wayar.

Na matso gaba, ta ɓangaren hagunta, na ɗaga murya fiye da yadda na taɓa yi a aji.

"Baffa, don Allah ka maido shi daga farko. Tifar nan ta hana ni ji."